Irin sikas ya ƙi nutsewa a ruwa, uku sun lalace: ina neman shawara kafin in shuka sauran

Malamin Firamare, unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida dattawan wannan zaure da duk masu sha'awar renon shuke-shuke, da fatan muna jure zafin wannan bazara lafiya.

A watan Janairu ne yayana, wanda harkar kasuwanci take kai shi Darussalam ta ƙasar Tanzaniya, ya kawo mini ƙwallaye takwas na wani itace da ya gani a wani gidan renon itatuwa a can. Ya ce da ya hango shi daga nesa ya ɗauka ƙaramin dabino ne, sai da ya matsa kusa ya ga ganyensa ya fi na dabino laushi da sheƙi, kuma ba shi da ƙayoyin nan masu tsawo. Da yake ya san ni da son tara tukwanen shuka, sai ya sayo mini irin, mai wurin kuma ya rubuta masa sunan a takarda: Cycas thouarsii, wato wani nau'in sikas. Kowane ƙwallo ya kai girman babban ƙwan kaza, ɓawonsa yana da tauri kamar katako, wasunsu kuma har yanzu akwai busasshiyar fata ja-ja manne a jikinsu.

A farkon Fabrairu na shuka uku. Na haɗa ƙasar lambu da takin awaki, na binne su zurfin yatsa guda, na riƙa ba su ruwa safe da yamma kamar yadda nake yi wa yabanyar tumatir. Bayan mako bakwai ban ga ko alamar tsiro ba, sai na tona. Biyu sun yi fumfuna, da na fasa su cikinsu ya zama baƙin ruwa mai wari, na ukun kuma gara ta lulluɓe shi ta cinye fatar, ta shiga ta wata kafa. Abin ya dame ni ƙwarai, domin iri ne da ba a samunsa a kasuwarmu, kuma yayana ba zai koma can ba sai baɗi.

Sauran biyar ɗin na zuba su a bokitin ruwa don in gwada su, sai dukkansu suka taso sama. Maƙwabcina, wanda tsohon manomi ne, ya ce irin da ya ƙi nutsewa fanko ne, in zubar in huta. Hannuna ya ƙi zubarwa. Shi ya sa nake tambaya: shin da gaske sun mutu? Idan kuma da sauran rai a cikinsu, yaya ake shuka su, kuma a wane lokaci? Burina shi ne in rene shi a tukunya cikin falo, don haka ina so in ji daga wanda ya taɓa yi ko zai iya zaman ɗaki a yanayi irin namu. Allah ya saka da alheri.

Tsohon ma'aikacin gona, Tarna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kada ka zubar da ko ɗaya.

Maƙwabcinka ya faɗi gaskiya a kan abin da ya sani, domin da ruwa muke tantance irin shinkafa da na itatuwa da yawa, mai ciki ya nutse, fanko ya taso. Sai dai wannan gwajin ba ya aiki a kan irin da ke hannunka. Cycas thouarsii itacen bakin teku ne, yana fitowa a Madagaska da tsibiran Komoros da gaɓar Kenya da Tanzaniya da Mozambik, kuma a ƙarƙashin ɓawon ƙwallonsa akwai wani shimfiɗaɗɗen abu mai laushi kamar soso, wanda yake riƙe iska. Wannan soson ne yake sa ƙwallon ya yi iyo, igiyar ruwa ta ɗauke shi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Danginsa na kusa, irin su Cycas rumphii, suna can Indonesiya da tsibiran da ke kewaye da ita, su ma haka irinsu yake iyo, shi kuwa naka shi kaɗai ne daga jinsin Cycas da yake fitowa da kansa a ɓangaren Afirka. Saboda haka tasowar da suka yi a bokitinka ba ta nuna mutuwa ba, ba ta kuma nuna rai ba. Halittarsu ce haka.

Abin da ya kashe ukun farko kuwa, a ganina, abubuwa uku ne suka haɗu a kansu, kuma na farkon shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Sikas ba dabino ba ne, ko da yake ya yi kama da shi. Ba ya fure ko kaɗan, kuma zuriyarsa ta fi shekara miliyan 250 a duniya. Akwai namiji daban, mace daban, kamar yadda muka sani ga dabino da giginya. Idan garin namiji ya isa ga mace, ba nan take ake samun ciki ba, sai bayan watanni, sannan ƙwayoyin haihuwar namiji iyo suke yi a cikin ɗan ruwan da ke cikin ƙwallon kafin su isa inda za su. Wani masanin tsirrai ɗan Japan, Ikeno Seiichiro, shi ne ya fara ganin haka a shekarar 1896. Wannan jinkirin ne yake sa ƙwallo ya nuna a waje, ya faɗo daga uwa, alhali ɗan tayin da ke cikinsa bai gama girma ba. Yana bukatar wasu watanni a ajiye, yana girma a hankali a cikin ɓawonsa, kafin ya iya fasa shi. Idan ka binne shi cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa kafin wannan lokaci ya cika, ba shi da ƙarfin tsirowa, ruwa kuma ba ya jira, sai ya ruɓe.

Na biyu shi ne ƙasar da ka zaɓa. Takin awaki da ƙasar lambu suna riƙe laima, suna jawo fumfuna da gara, ƙwallon kuwa ba ya bukatar taki ko kaɗan, domin guzurinsa na shekara guda ko fiye yana cikinsa. Na uku shi ne lokaci. Wannan iri yana son ɗumi mai ɗorewa, tsakanin digiri 25 zuwa 30, dare da rana. A farkon Fabrairu daren Maraɗi yana iya sauka ƙasa da digiri 15, ga shi kana ƙara masa ruwan sanyi sau biyu a yini.

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi. Ka sa safar hannu ta roba, ka jiƙa ƙwallayen kwana ɗaya ko biyu har busasshiyar fatar nan ta yi laushi, ka kankare ta da wuƙa ƙarƙaf, kada ka bar ko ɗan guntu, domin a nan fumfuna take fara kamawa. Bayan haka ka daure ka sadaukar da ɗaya. Na san da ciwo ga mai biyar, amma ya fi zaman zato. Ka fasa ɓawon a hankali, ka tsaga abin da ke ciki gida biyu ta tsawonsa. Idan fari ne tas mai tauri kamar ɗanyen rogo, ƙwallon yana da rai. A tsakiyarsa za ka ga ɗan rami, da wani siririn zare nannaɗe, da ɗan tayin a ƙarshensa. Idan ɗan tayin bai wuce ƙwayar shinkafa ba, da sauran jira. Idan ya miƙe ya kai rabin tsawon ƙwallon ko fiye, lokacin shuka ya yi kusa.

Wajen ajiya kuma dole ka kula, domin irin sikas ba kamar gero ba ne da za a busar da shi a zuba a rumbu. Idan ya bushe har ciki ya mutu, kuma iskar Afirilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, za ta iya busar da shi cikin makwanni kaɗan. Firij ma bai dace da shi ba, tun da itacen ƙasar zafi ne. Ni abin da na yi, lokacin da na reni irin da na samo daga Kwatano, shi ne na zuba su a ƙaramin kasko cikin yashi mai ɗan danshi kaɗan, wanda idan ka damƙa ba ya jiƙa tafin hannu, na ajiye kaskon a gindin randa. Duk gidan babu wurin da ya kai nan sanyi da laima mai sauƙi. Kowane mako nakan duba su, in goge wanda na ga ya fara fari-fari.

Idan ruwa ya sauka, wajen tsakiyar Yuni, zafi ya karye, iska ta yi laushi, sai ka shuka. Ka samo yashin Gulbi mai ɗan tsakuwa-tsakuwa, ka wanke shi har ruwan ya fita garai, ka haɗa kashi biyu nasa da kashi ɗaya na dakakken gawayi. Kada ka sa ɓawon gyaɗa ko ɓuntu, gara take so. Tukunyar ta zama mai zurfi, santimita 30 ko fiye, ko da jarka ce ka yanke bakinta ka huhhuda gindinta, domin abin da yake fara fitowa uwar saiwa ce, kuma ƙasa take nufa kai tsaye, kamar yadda ƙwallon giginya yake tura muruci. Ka kwantar da ƙwallon a gefensa, rabi a cikin yashi, rabi a waje. Ka ɗora tukunyar a kan bulo cikin inuwa, inda ruwan indararo ba zai zubo mata ba, ka riƙa ba ta ruwa sai idan saman yashin ya bushe.

Daga nan sai haƙuri. Wani zai fashe cikin wata ɗaya, wani sai wata uku ko fiye, kuma ko bayan saiwar ta nutse, ganyen farko yana iya ɗaukar wasu makwanni. Kada ka tona don dubawa, kada kuma ka cire ƙwallon daga jikin tsiron bayan ganye ya fito, domin daga cikinsa yake ci.

Uwargida mai furanni, Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum. Baba na Tarna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, bayaninka ya gamsar. Ni ban taɓa tsirar da sikas daga ƙwallo ba, don haka ba zan sa baki a wannan ɓangaren ba. Amma maganar zaman falo ina da abin cewa, domin shekara tara ke nan ina riƙe da ɗan'uwansa, Cycas revoluta, wanda asalinsa daga kudancin Japan ne. Na saye shi a Yamai yana da ganye huɗu.

Malam, kada ka sa rai zai zauna a tsakiyar falo kamar kujera. Shekarar farko a kusa da talabijin na ajiye nawa, inda hasken taga ba ya isa sosai. Wannan itace ba ya fitar da ganye ɗaya-ɗaya duk mako. Yakan yi shiru watanni, har ka ɗauka na roba ne, sannan wata safiya ka ga sababbin ganyaye sun taso tare daga tsakiyarsa, masu laushi da ɗan gashi-gashi, ƙananan yatsun ganyen a nannaɗe kamar an murɗa su da hannu. A cikin makwanni biyu zuwa uku suke miƙewa su yi tauri, kuma yadda suka taurare haka za su zauna har su tsufa. Nawa da ya fitar da su cikin duhun falo, sai suka yi tsawo fiye da kima, sirara, sun karkata wajen taga. Da na ga haka sai na juya tukunyar don su miƙe, ai kuwa sai suka bi haske suka murɗe, kuma a murɗe suka ƙare rayuwarsu, sai bayan shekara uku na samu damar yanke su. Tun daga lokacin, idan na ga sabon ganye ya leƙo, ba na barin kowa ya matsar da tukunyar ko da taku ɗaya.

Yanzu yana baranda mai fuskantar gabas, yana shan ranar safe har wajen ƙarfe 10, daga nan inuwa ta rufe shi. Idan za a yi baƙi nakan sa a shigar da shi falo kwana biyu ko uku, a mayar da shi. Ranar azahar ta bazara tana ƙona ganyensa, musamman ƙarami, iskar hunturu kuma tana cika shi da ƙura, don haka nakan goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako. Naka, da yake ɗan bakin teku ne, zai fi nawa jin bushewar hunturu, ka nema masa lungun da iska ba ta bugawa.

Akwai kuskuren da na yi wanda ba na so ka maimaita. A shekara ta uku na ga wasu abubuwa sun ɓullo saman ƙasar tukunyar, dunƙule-dunƙule masu rassa kamar ƙananan yatsun citta. Na ɗauka cuta ce, na sa almakashi na datse su. Ɗiyata, wadda take karatun aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ita ce ta gaya mini daga baya cewa saiwoyi ne na musamman da suke tasowa sama da gangan, kuma a cikinsu akwai wasu ƙananan halittu masu launin kore-shuɗi da suke ɗauko wa itacen sinadarin naitirojin daga iska. Ta ce aikinsu ɗaya da ƙullutun nan da muke gani a saiwar gyaɗa da wake, waɗanda suke gyara gona. Idan ka gan su ka bar su.

Sai maganar ƙwari. Ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa. Idan ka ga farare-fararen ɗigo manne kamar an watsa farar ƙasa, kada ka yi jinkiri, ka wanke su da ruwan sabulu da ɗan man bedi, da tsohon buroshin haƙori, ka maimaita bayan mako guda har sai sun ƙare. Ɗiyar tawa ta ce akwai wani irinsu mai tsanani da asalinsa daga Tailan ne, wanda aka gano a Florida ta Amurka a 1996, ya isa tsibirin Guam a 2003, ya halaka mafi yawan sikas ɗin dajin tsibirin, kuma yana ɓuya har cikin saiwa. Saboda haka duk sabuwar shukar da na sayo, nakan ware ta gefe wata guda kafin in haɗa ta da sauran.

Kada kuma ka barbaɗa toka a tukunyar don korar gara, kamar yadda muka saba. Toka tana sa ƙasa ta yi kanwa-kanwa, itacen ya kasa ɗaukar sinadarin manganis, sabon ganye ya fito rawaya a tattakure.

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Tibiri

Salamu alaikum. Na ga Baba ya ambaci safar hannu ya wuce, ni kuwa ina so in tsaya a nan, domin gidajenmu ba sa rabuwa da yara da awaki da kaji.

Duk jikin sikas guba ne, ganye da kututture da saiwa, amma ƙwallon ya fi kowane sashe. Gubar da ke cikinsa, wadda ake kira saikasin, hanta take kamawa. Dabbar da ta ci takan fara da amai ko gudawa da kasala, bayan kwana biyu ko uku idanunta su yi rawaya irin na ciwon shawara, kuma babu wani magani takamaimai da yake karya wannan guba, sai dai a taimaka wa jiki da ƙarin ruwa da abin da zai rage shigarta cikin jini, idan an kawo da wuri. Karnuka suna mutuwa daga cin ƙwallo ɗaya ko biyu. A Ostareliya makiyaya sun daɗe da sanin wata cuta da take kama shanun da suke kiwo cikin dangin wannan itace, ƙafafun baya su shanye, saniya ta riƙa tangaɗi, kuma ba ta warkewa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kamanni. Baba ya kwatanta saiwarsa da muruci, kuma kwatancen daidai ne, amma yaron da ya saba cin muruci da goruba, idan ya ga ƙwallo ya fashe fari ya leƙo, ba zai bambanta ba. Gaskiya ne mutanen Guam da na Okinawa sun ci garin sikas, musamman a lokutan yunwa, amma sai bayan sun yayyanka shi sun jiƙa suna sauya ruwa kwanaki da yawa, kuma duk da haka an rasa rayuka a inda aikin bai kammala ba. Ba abin gwadawa ba ne.

Malam, kaskon da za ka ajiye a gindin randa ka rufe shi da abin da yaro ba zai iya ɗagawa ba, kada kuma moɗa ta taɓa shi. Ruwan da ka jiƙa ƙwallayen ka zuba shi a masai, ba a tsakar gida inda kaji suke sha ba. Fatar da ka kankare da ƙwallon da ka tsaga ka ƙona su ko ka binne su da zurfi, wuƙar kuma ka wanke ta da sabulu kafin ta koma madafa.

Ɗan tireda, Sabon Gari

Assalamu alaikum iyayena. Ina biye da wannan bayani da sha'awa. Ni nakan je Jos sayen kaya, kuma wani abokin cinikina ya taɓa nuna mini hoton wani itace mai kama da wannan da ya ce yana fitowa a cikin duwatsun jiharsu, har ya ce idan ina so zai sa a haƙo mini ƙarami. Tun da irin Tanzaniya yana da wuyar samu, kuma yana ɗaukar watanni kafin ya tsiro, ashe bai fi sauƙi in sa a haƙo guda biyu ba, in kawo wa Malam ɗaya in riƙe ɗaya? Na ga kamar na kusa da mu zai fi saurin sabawa da yanayinmu.

Tsohon ma'aikacin gona, Tarna

Ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma ina roƙonka kada ka yi. Abin da abokinka ya nuna maka, bisa ga dukkan alama, Encephalartos barteri ne, sikas ɗin Afirka ta Yamma, wanda yake fitowa a wasu wurare ƙalilan a Najeriya da Benin da Togo da Gana. An sa masa sunan Charles Barter, wani Bature mai tattara tsirrai da ya bi ayarin binciken kogin Kwara ya rasu a can a 1859. Wanda yake tsaunukan Filato ma wani reshe ne na daban da ba a samunsa a ko'ina sai can, kuma yana cikin haɗarin ƙarewa.

Akwai yarjejeniyar duniya ta CITES kan cinikin tsirrai da dabbobin daji masu haɗarin ƙarewa, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, Nijar da Najeriya kuma duk suna cikinta. Ta sanya dukkan jinsin Encephalartos a rukuni na ɗaya, wato mafi tsanani, inda aka haramta cinikin wanda aka ciro daga daji tsakanin ƙasashe, har da ƙwallonsa. Idan ka biyo da shi ta Jibiya da Ɗan Isa, jami'an duwan da na gandun daji suna da hurumin kama shi. Irin Malam yana rukuni na biyu ne, inda dokar ta sassauta wa ƙwallo, ko da yake duk irin da zai ƙetare iyaka ya kamata ya zo da takardar shaidar lafiyar tsirrai.

Ko da babu doka, ni ba zan karɓa ba. Itacen da aka haƙo daga tsakanin duwatsu uwar saiwarsa ake tsinkewa, da yawa ba sa tashi. Kuma da yake namiji da mace daban suke, kowane ɗaya da aka cire yana rage wa na kusa da shi abokin haihuwa. A Afirka ta Kudu akwai Encephalartos woodii, wanda John Medley Wood ya gano a dajin Ngoye a 1895. Namiji ne, kuma har yau ba a taɓa samun macensa ba. Duk waɗanda suke lambunan duniya daga ƴaƴan gindinsa aka ɓalle su, babu ɗaya da ya fito daga ƙwallo. Ba na so mu sa hannu a mayar da na Filato haka. Wanda aka rena a tukunya kuwa yana iya daɗewa fiye da mai shi: a lambun Kew na Landan akwai wani Encephalartos da aka kai daga Afirka ta Kudu a 1775, yana nan a tukunya da ransa.

Idan kana son na ajiyewa a gida, ka nemi Zamia furfuracea a wurin masu sayar da furanni. Asalinsa daga gaɓar Berakurus ta Meziko ne, ana renonsa da yawa, ba ya tsawo, ganyensa mai kauri ne kamar kwali, kuma yana jure fari. Gubar dai tana nan a jikinsa shi ma.

Malamin Firamare, unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum. Na dawo in ba da labari, domin bai dace a ba ni shawara irin wannan in yi shiru ba.

A ranar da na karanta amsar Baba na kankare ƙwallayen, na tsaga ɗaya. Soson yana nan ƙarƙashin ɓawon kamar yadda ya faɗa, cikin kuma fari ne mai tauri, ɗan tayin ya kai kusan rabin tsawon ƙwallon. Na kira maƙwabcina ya gani da idonsa, ya daɗe yana jujjuya shi a kan takarda, shi ne ma ya rako ni Gulbi muka ɗebo yashi. Sauran huɗun sun yi wata biyu a gindin randa cikin kasko, an kife su da tsohon turmi saboda yara, kamar yadda likita ya gargaɗe ni. Ɗaya ya yi baƙi a watan Mayu, na ƙona shi.

Na shuka ukun a ranar 18 ga Yuni, kowanne a jarkarsa, a kan bulo a barandar gabas, na kewaye su da ragar waya saboda akuyar gidan. A ƙarshen Yuli ɗaya ya tsage ta bakinsa, wani farin abu mai kaurin ɗan yatsa ya leƙo, ya lanƙwasa ya shige yashi. Na biyu ya bi shi bayan kwana 12. Jiya da safe na farkon ya ɗago ganye, tsawonsa bai wuce yatsa ba, a nannaɗe da ɗan gashinsa kamar yadda Hajiya ta kwatanta, kuma na riga na gaya wa mutanen gida kada a matsar da jarkar. Na ukun har yanzu shiru, ban tona shi ba.

Hajiya, tambaya ɗaya ta rage mini: yaushe zan fara sa musu taki, kuma yaushe zan sauya musu tukunya?

Uwargida mai furanni, Ali Ɗan Sofo

Masha Allah, Malam, na taya ka murna. Taki ka dakata sai ganyen farko ya taurare, sannan ka sa ɗan kaɗan wanda ya ruɓe sosai, a gefen jarkar, nesa da ƙwallon. Sauyin tukunya kuma ka bari sai damina mai zuwa, kuma idan za ka yi, ka yanke jarkar ta gefe maimakon ka zaro tsiron, don kada uwar saiwar ta karye. Ka sani cewa irin naka ya fi nawa saurin girma, ganyensa idan ya manyanta yana wuce mita 2, don haka tun yanzu ka fara tunanin gefen katangar da za ka dasa shi a ƙasa wata rana. Na ukun kuma ka rage masa ruwa, ka ba shi har ƙarshen Oktoba.